Baffana ya ce jami'ar kuɗi lalata yara take yi

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 19. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku na sakandare, ya bar mu mu shida a hannun Ummanmu. Sau biyu ina rubuta JAMB ina neman karatun lauya a jami'ar gwamnati, makina bai yi muni ba, amma gurbi bai samu ba. Yanzu kawuna, ƙanin Umma, wanda Allah ya buɗa wa a kasuwa, ya ce zai kai ni wata jami'ar kuɗi a Abuja inda 'yarsa take, kuma shi zai ɗauki nauyin komai. Baffana, wanda shi ne waliyyina, ya ce sam bai yarda ba. Ya ce can 'ya'yan masu kuɗi ne zalla, ba karatu suke yi ba, digirin ma saye ake yi, aikinsu shaye-shaye da yawon otal, kuma duk yarinyar da ta shiga can ba ta dawowa da kunyarta, miji ma sai ya gagare ta. Maƙwabta sun fara yi wa Umma irin wannan maganar, har jikinta ya fara sanyi. Ni har ga Allah ina son karatun nan. Amma ina jin tsoro. In maganar Baffa gaskiya ce, ba na so in lalace. In kuma ba gaskiya ba ce, ina tsoron su raina ni, don atamfofina na fita guda biyar ne, wayata ma gilashinta a fashe yake. Don Allah ki gaya mini gaskiya, abin da ake faɗa a kan ɗaliban can haka yake? Ko in haƙura in sake JAMB karo na uku?

'Yarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kai haske kabarinsa, ya kuma saka wa kawunki da alheri, don ba kowane mai hali ke waiwayar 'ya'yan 'yar'uwarsa ba. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda zuciyata ta tsaya shi ne maganar atamfofin nan biyar. Zan dawo kanta. Bari mu fara da Baffa, tunda shi ne babba.

Kada ki ɗauke shi mai baƙin ciki da ci gabanki. Mutum ne da ɗan'uwansa ya rasu ya bar masa amana, kuma ya san in wani abu ya same ki shi za a fara nunawa da yatsa. Maganarsa ma ba daga sama ta faɗo ba, ruwa ba ya tsami banza. Ya ga irin abin da kowa ke gani a waya: yaro ɗan shekara ashirin ya fito daga motar da kuɗinta zai gina makarantar firamare, 'yan mata na liƙa wa juna kuɗi ranar gama jarrabawa, hayaƙin shisha na tashi a wajen bikin zagayowar ranar haihuwa. Waɗannan yaran akwai su, ba ƙage aka yi musu ba. Sai dai ki lura da yadda labari ke yawo. Yarinyar da ta kwana tana haddar dokar kwangila ba ta ɗaukar kanta bidiyo, in ma ta ɗauka ba mai turawa gaba. Masu rawar kai goma sun isa su cika wa garinku ido, su rufe ɗaruruwan da ba wanda ya san da zamansu. Daga nan sai a yi wa kowa kuɗin goro.

To su wane ne a can ɗin? Jami'o'i masu zaman kansu ba tsofaffi ba ne a ƙasar nan. A 1999 aka ba uku na farko lasisi, Igbinedion a Okada, Babcock a Ilishan da Madonna a Okija, duk a Kudu. Mu a Arewa sai wajen 2005 muka ga Jami'ar Amurka ta Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa, ta fara ɗaukar ɗalibai, a shekarar ne kuma aka kafa Al-Qalam a Katsina. Nile ta zo Abuja a 2009, Baze a 2011, Skyline ta buɗe a Kano a 2018. Yau sun haura ɗari a faɗin ƙasa, kuma ba kansu ɗaya ba. Akwai wadda kuɗin shekararta miliyoyi ne masu yawa, akwai wadda ƙaramin ɗan kasuwa zai iya lallaɓawa ya biya. In da a ce 'ya'yan gwamnoni da ministoci kaɗai ke zuwa, da ko guda ashirin ba za su cika ba.

Abin da ya cika su shi ne irin abin da ya same ki. Duk shekara yara kusan miliyan biyu ke zama JAMB, guraben jami'o'in gwamnati kuwa ba su kai ko kusa ba, musamman a lauya da likitanci da ake turmutsutsu a kansu. Ga kuma yajin aiki. A 2020 malaman jami'a sun shafe wata tara a gida. A 2022 sun tafi ranar 14 ga Fabrairu, ba su dawo ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Iyaye da yawa a lokacin suka sayar da fili, suka ci bashin banki, suka shiga adashe, don dai 'yarsu ta gama digirin shekara huɗu a shekara huɗu. Saboda haka a ajinku za ki tarar da 'yar malamin makaranta da ya karɓi kuɗin sallama ya zuba a karatunta, da ɗan mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, da wanda kamfani ko gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa. Gwamnatin Kano a zamanin Kwankwaso ta tura 'ya'yan talakawa jami'o'in Bells da Crescent da Igbinedion da Al-Qalam. A Yola kuwa, wasu daga cikin 'yan matan Chibok da suka kuɓuta a 2014 a Jami'ar Amurka aka ba su wurin karatu, daga baya a 2017 aka kai ƙarin sama da ɗari cikin waɗanda aka sako. Jami'ar nan dai da ake kira ta 'yan gata, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen 2014 mutane suka kwararo Yola ba abinci ba wurin kwana, ma'aikatanta da ɗalibanta suna cikin waɗanda suka haɗa kai da limamai da fastoci suka yi ta rabon hatsi. Wannan ma halin ɗaliban jami'ar kuɗi ne, amma ba shi ake turawa a waya ba.

Sai zancen sayen digiri. Na san inda ya samo asali. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar nan Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri cikin mako shida daga wata makaranta a Kwatano ta Jamhuriyar Benin ba tare da ya zauna a aji ba, har gwamnati ta dakatar da amincewa da takardun Benin da Togo a watan Janairun 2024. Mutane suka haɗa wannan da duk wata makarantar da ake biyan kuɗi mai yawa. Alhali jami'ar da ke da lasisi a Najeriya, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, hukuma ɗaya ke tantance kwasa-kwasanta, wato NUC. Yawancin manyan malamansu ma daga jami'o'in gwamnati suka fito, wasu sun yi ritaya, wasu sun zo hutun shekara, wasu suna koyarwa nan da can. Ke da kike son lauya kuwa, amsarki ta fi sauƙi. Bayan shekara biyar ɗinki dole ki shiga Makarantar Horas da Lauyoyi, ko a Bwari ko Bagauda ko Yola ko wani reshen, ki zauna benci ɗaya da 'yan ABU da BUK da Danfodiyo, ku rubuta jarrabawa iri ɗaya. A can ba a tambayar wa ya haife ki. Wanda ya yi shekara biyar yana wasa, nan asirinsa ke tonuwa.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ƙamshin gaskiya a wani ɓangare na ƙorafin. Inda ɗalibi ke biyan miliyoyi, makaranta na kallonsa da idon mai sayen kaya, kuma ba kowace hukumar makaranta ke da ƙarfin zuciyar kayar da wanda ke ciyar da ita ba. Shi ya sa masana ilimi da kansu suke ta muhawara a kan yawan masu digiri mai daraja ta ɗaya da wasunsu ke yayewa. Za ki kuma haɗu da yaron da ya san ko ya ci ko ya faɗi akwai kujera na jiransa a kamfanin babansa, don haka yake zuwa aji kamar wanda aka yi wa dole. Ki bar shi da halinsa. Ajin da ke da mutum arba'in, da wuta, da ɗakin karatu mai littattafai, da malamin da zai san sunanki, ga mai son karatu ni'ima ce babba, kuma ɗaruruwan da ke tsaye a tagar zauren lakca a wasu wuraren za su so su samu rabinta.

Shaye-shaye kuwa, 'yata, ina ma a ce a jami'ar kuɗi kaɗai yake, da mun huta. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, ai ba don 'yan Abuja ta yi ba, don matan aure da 'yan mata da samarin unguwanninmu ne, waɗanda wasunsu ko ƙofar jami'a ba su taɓa gani ba. Bambancin kawai, ɗan mai kuɗi na shan mai tsada a wuri mai sanyi, ɗan talaka na shan mai arha a kango. Da yawa daga cikin jami'o'in kuɗi ma sun fi na gwamnati tsanani, suna rufe ƙofa da dare, suna gwajin ƙwaya, suna kiran iyaye, suna kora. A tambayi dokar wadda za ki shiga a rubuce, a karanta wa Baffa.

Maganar miji ba zan daɗe a kanta ba. Mu da muka manyanta mun san lokacin da kalmar 'yar jami'a kanta zagi ce, ko ta gwamnati ce. Kafin nan ma an yi wa 'yar boko. Waɗanda aka yi wa wannan gorin su ne yau likitocin da muke roƙon Allah mu tarar a asibitin haihuwa, kuma suna gidajen mazajensu da 'ya'ya da jikoki. Gidan mutunci in sun zo neman aure halinki za su bincika, da wa kike hulɗa, ya kike da iyayenki. Wanda zai fasa aurenki don sunan makaranta kawai, bai san ki ba kuma bai nemi sani ba.

Yanzu mu dawo kan atamfofi.

Abin da ake faɗa wanda na tabbata gaskiya ne ɗari bisa ɗari shi ne ratar kuɗi, kuma za ta taɓa ki. Ba wanda zai tare ki ya ce ke talaka ce. Yawancinsu ma ba su damu da abin da kika sa ba. Abin a hankali yake zuwa. Abokan ɗakinki za su ce a yi odar abinci daga waje, ki duba ki ga kuɗin faranti ɗaya ya kai cefanen gidanku na kwana uku. Za a fitar da ankon bikin yayar wata, a faɗi kuɗinsa kamar ana faɗin kuɗin goro, alhali ya haura mafi ƙarancin albashin ma'aikaci, naira dubu saba'in. Za a dawo hutu ana hirar Dubai da Landan da Umara, a juyo a tambaye ki ina kika je, ba da mugunta ba, don dai a ganinsu kowa na zuwa wani wuri. A irin wannan lokacin ne za ki ji wani abu ya tokare miki maƙogwaro. Wannan abin, shi nake jiye miki tsoro fiye da duk abin da Baffa ya lissafa.

Na san wata yarinya, 'yar wata baiwar Allah da muka yi zaman unguwa ɗaya, wadda aka ɗauki nauyinta zuwa irin wannan makarantar. Kaifin basira kam ba a magana. A makon farko aka tambaye ta aikin babanta, kunya ta kama ta, ta ce ɗan kasuwa ne a Legas, alhali ya rasu, uwarta ce ke tuyar ƙosai tana riƙe da gidan. Ƙarya ɗaya ce, amma sai da ta yi shekara uku tana ciyar da ita. 'Yar ɗan kasuwan Legas ba ta riƙe waya mai fasasshen gilashi, sai ta ci bashi. Ba ta maimaita kaya, sai ta fara aro. Ta hana uwarta zuwa ziyara. Da bashi ya yi mata katutu, sai ga wani mai mota a bakin ƙofar makaranta, sa'an babanta, ya ce shi taimako kawai yake son yi. Ba zan ƙarasa miki ba, don har yau in na ga uwar sai na ji ƙwalla. Abin da nake so ki riƙe shi ne, a cikin 'ya'yan masu kuɗin nan ba wadda ta ja ta. Da gaskiya ta fito, wasunsu kuka suka yi, suka ce da ta faɗa tun farko da ba abin da zai canja tsakaninsu. Ita ce ta yanke wa kanta hukuncin cewa asalinta abin ɓoyewa ne.

Don haka ranar da aka fara tambayarki, ki faɗa da bakinki, kanki a ɗage: ni marainiya ce daga Funtuwa, kawuna ke biya mini. Sau ɗaya za ki faɗa, nauyin ya sauka har ki gama. Daga ranar ba wadda za ta yi mamaki in kin ce ba za ki yi anko ba. Wadda za ta guje ki saboda haka ta rage miki aiki, waɗanda suka rage su ne mutanenki, kuma za ki sha mamakin yawansu. Za ki ga 'yar babban gida da ta fi ki kunya, ba ta wasa da salla, tana neman wadda za su yi tilawa tare. Za ki ga wadda kuɗi ya yi wa yawa kulawa ta yi mata kaɗan, iyaye kullum suna jirgi, direba da mai aiki ne suka raine ta, in ta ji kina hira da Umma a waya kuna dariya sai ta yi shiru tana sauraro. Kada ke ma ki yi musu irin kuɗin goron da kike tsoron a yi miki. In kin shiga da tunanin duk 'yar mai kuɗi lalatacciya ce, za ki zauna ke kaɗai shekara biyar, ki fito ba ki ƙulla zumunci da kowa ba, alhali aikin lauya da mutane ake yinsa.

A makon farko ki nemi masallacin makaranta da 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ki nemi 'yan ajinku da ke zama a layin gaba. Ki yanke wa kanki abin da za ki kashe a wata, ki tsaya a kai. Kyautar namiji da ba muharraminki ba, ko ta kati ce, ki mayar da ita cikin ladabi. Atamfa biyar a wanke a goge sun isa, balle ɗaliban lauya yawanci fari da baƙi suke sawa zuwa aji, kin ga rabin damuwar ta tafi.

'Yar kawunki kuma ki yi hattara da yadda za ki zauna da ita. 'Yar'uwarki ce, ki so ta, ki girmama ta, amma ba 'yar aikinta aka kai ki ba, ba kuma 'yar rahoto ba. In Kawu ya fara tambayarki me take yi, ki ce ya tambaye ta. In ƙawayenta ba irin naki ba ne, ki yi naki, ku haɗu a ɗaki ku gaisa lafiya.

Akwai abubuwa biyu da ba wanda ya ambata a gidanku, kuma su ne suka fi cancantar a yi taro a kansu.

Na farko kuɗin kansa. Karatun lauya shekara biyar ne, ga shekarar Makarantar Lauyoyi a kai, kuma kuɗin jami'o'in nan hawa yake yi, ba ya sauka. Kasuwa kuwa yau riba gobe akasin haka, rai ma a hannun Allah yake. Bashin karatun da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024 ta hannun NELFUND ɗaliban makarantun gwamnati aka yi wa shi. In Kawu ya gaza a aji uku, ba inda za ki kama. Ko ɗaliban da gwamnati ta ɗauki nauyinsu an ga waɗanda suka gama amma takardunsu suka maƙale shekaru saboda bashin kuɗin makaranta. Ba rashin godiya ba ne Umma ta zauna da ƙaninta su yi lissafin shekara shida a fili: kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci, littattafai, kuɗin mota. Ta tambaye shi ko zai iya ware wani abu tun yanzu da sunan karatun, ko ya riƙa biyan shekara gaba ɗaya. Ta kuma tabbatar matarsa ta sani kuma ta yarda, don alherin da uwargida ba ta sa albarka ba yakan yi gajeren kwana. In lissafin ya nuna da ƙyar ne, gara a nemi jami'ar da ta fi sauƙin kuɗi a Katsina ko Kano, in tana da kwas ɗin, a gama lafiya, da a fara da mai tsada a tsaya a tsakiya.

Na biyu ingancin kwas ɗin. A tabbatar NUC ta amince da sashen lauya na wannan jami'ar, kuma Majalisar Kula da Ilimin Lauya ma ta amince. Majalisar nan tana ware wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. A 2023 ta dakatar da wata jami'ar kuɗi a Abuja daga ɗaukar sababbin ɗaliban lauya saboda ta ɗebi fiye da ƙa'ida, har ɗaruruwan da suka gama suka yi cirko-cirko suna jiran gurbi a Makarantar Lauyoyi. Ki tambaya kai tsaye: nawa aka ware muku, nawa ne a aji ɗaya, waɗanda suka gama bara sun wuce gaba ko suna gida? Ki kuma tabbatar gurbinki ya bi ta hannun JAMB kin ga sunanki a shafinsu, don in bai bi ta nan ba, wahalar tana jiranki a ƙarshe. Makarantar da ta ji haushin waɗannan tambayoyin ta ba ki amsa ke nan.

In waɗannan biyun sun yi daidai, shawarata ki je. Shekara biyu kin riga kin zauna, kuma ba wanda ya yi miki alkawarin karo na uku zai bambanta. Amma ki je da yardar Baffa. Ba na so ki fara karatun shari'a da ɓaraka a gida, kuma gobe in aure ya zo shi ne zai ba da ke.

Ina zargin akwai abin da Baffa bai furta ba. 'Yar ɗan'uwansa ce ke, hakkin karatunki a wuyansa yake, sai ga dangin uwa sun yanke magana sun kawo masa a dafe. Ko da bai da halin biya, zai so a ce an nemi izininsa, ba sanar da shi aka yi ba. Namiji ba zai ce an raina ni don ba ni da kuɗi ba, sai ya ce makarantar ce ba ta da kyau. Don haka ke kada ki yi gardama da shi, kada ki kai masa hujjojin da na ba ki kamar kina kotu. Ki roƙi Umma ta sa Kawu ya taka da ƙafarsa har gidan Baffa, ya zauna a tabarmarsa, ya ce ga abin da nake so in yi wa 'yarka, in ka amince. In akwai goggonku da yake jin maganarta, ko limamin da yake girmamawa, a fara bi ta wurinsu. A ce masa sunansa da lambarsa za a rubuta a matsayin waliyyi a takardun makaranta, shi za a kira in wani abu ya taso, kuma duk ƙarshen zango ke da kanki za ki kai masa sakamakonki ya gani. Ki cika wannan alkawarin ko sakamakon bai yi miki daɗi ba.

Sannan a roƙe shi ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Kada a kai shi ranar biki ko ranar yaye ɗalibai. A zaɓi Talata ko Laraba ana tsakiyar karatu, ya shiga ɗakin karatu, ya ga ɗakin kwanan mata da matar da ke kula da shi, ya tambayi mai gadi ƙarfe nawa ake rufe ƙofa da yadda ake ba yarinya izinin fita. Zai ga abin da ba zai so ba, wata ba mayafi, wani da askin banza, kada kowa ya yi ƙoƙarin kare masa ido. Ku dai tsaya har azahar, ya yi salla a masallacinsu ya ga sahu. A hanyar dawowa ki yi shiru ki bar shi ya fara magana, abin da ya ce kuma ki rubuto mini.